Lamba Biyu da Lamba Uku: Tarihin 'Yan Bayan Gefe a Tsarin Sakata na Helenio Herrera

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin filin ƙwallo a Kano ko Zariya ko Maraɗi ya san cewa Bahaushe ba ya wahalar da kansa wajen laƙaba wa matsayin ɗan wasa suna. Lamba kawai yake kira. Idan aka ce wane lamba tara yake bugawa, to an san aikinsa jefa ƙwallo a raga. Idan kuwa aka ce lamba biyar ne, an san shi ne ginshiƙin baya. Lamba biyu da lamba uku su ne 'yan bayan da ke tsaron gefen dama da gefen hagu. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, waɗannan lambobi da suka zama sunaye a bakin Hausawa suna ɗauke da tarihin wani tsarin wasa da aka daɗe da binnewa, kuma aikin da masu lambobin suke yi ya sha sauyawa daga wannan zamani zuwa wancan.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun wannan sauyi har zuwa hannun mutum guda, watau Helenio Herrera, wanda ya horar da ƙungiyar Inter ta birnin Milan a Italiya daga 1960 zuwa 1968. An fi tunawa da shi a matsayin sarkin toshe gida, mai kashe wa 'yan kallo armashin wasa. Wannan hukunci yana da ƙanshin gaskiya, amma bai cika ba, kuma ba inda giɓinsa ya fi fitowa fili kamar a yadda mutumin ya yi amfani da lamba biyu da lamba ukunsa.

Daga Tsakiya zuwa Gefe

Tun daga shekarun 1880 har zuwa 1925, tsarin da ya mamaye wasa a Ingila shi ne na 2-3-5: 'yan baya biyu, 'yan tsakiya uku, 'yan gaba biyar, ban da mai tsaron gida. A wannan tsari 'yan bayan biyu ba a gefe suke tsayawa ba. A tsakiya suke, daidai gaban raga, kuma tsaron 'yan gefen abokan hamayya yana wuyan 'yan tsakiya na dama da na hagu ne. Da aka wajabta sanya lamba a bayan riga a gasar Ingila a 1939, sai aka bi wannan tsohon jeri: gola 1, 'yan baya 2 da 3, 'yan tsakiya 4 da 5 da 6, 'yan gaba daga 7 zuwa 11. Ke nan lambobin sun zo ne a lokacin da tsarin da suke bayyanawa ya riga ya fara shuɗewa.

Abin da ya kawar da shi kuwa doka ce. Kafin 1925, ɗan gaba ba ya kuɓuta daga satar gida sai in akwai abokan hamayya uku tsakaninsa da layin raga a lokacin da aka ba shi ƙwallo. Tun da gola ɗaya ne, 'yan baya biyu, to da zarar ɗaya daga cikin 'yan bayan ya taka gaba kaɗan, ɗan gaba ya faɗa tarko. Bill McCracken na Newcastle United da abokin aikinsa Frank Hudspeth sun ƙware a wannan dabara har wasa ya zama ba a jin komai sai usur ɗin alƙali. A 1925 aka rage adadin daga uku zuwa biyu. Sakamakon bai ɗauki lokaci ba: a rukunin farko na gasar Ingila an ci ƙwallo 1,192 a kakar 1924/25, a kakar da ta biyo baya kuma aka ci 1,703.

Mutum biyu sun kasa riƙe baya, dole aka nemo na uku. A watan Oktoba na 1925 Newcastle ta lallasa Arsenal da ci 7 da nema, kuma daga nan ne Herbert Chapman, mai horar da Arsenal, tare da shawarar ɗan wasansa Charlie Buchan, ya fara janye lamba biyar daga tsakiyar fili ya mai da shi tsakiyar baya. Da lamba biyar ya zauna a tsakiya, sai lamba biyu da lamba uku suka matsa gefe, kowannensu ya rungumi ɗan gefen da ke fuskantarsa. Wannan shi ne asalin abin da yau ake gani kamar haka Allah Ya halicce shi. Aikin nasu a wancan lokaci kuwa ɗaya ne tak: hana lamba bakwai ko lamba goma sha ɗaya wucewa, da dokar ƙwallo gaba iya ƙarfin ƙafa. Tsallake layin tsakiya ba ya cikin lissafi.

Sakata

A nahiyar Turai an ɓullo wa matsalar ta wata hanya dabam. Karl Rappan, mutumin Ostiriya da ya horar da Servette da Grasshoppers da kuma ƙungiyar ƙasar Suwizalan, ya lura cewa 'yan wasansa, waɗanda akasarinsu ba ƙwallo ce sana'arsu kaɗai ba, ba za su iya gogawa da ƙwararru ƙafa da ƙafa ba. Sai ya janyo 'yan tsakiya na gefe biyu ya ba su tsaron 'yan gefe, ya bar 'yan bayan asali a tsakiya, ɗaya a gaba ɗaya a bayansa yana jiran duk abin da ya sulale. An kira tsarin da kalmar Faransanci mai ma'anar sakatar ƙofa. Da shi ne Suwizalan ta doke Ingila da ci 2 da 1 a wasan sada zumunta a 1938, ta kuma fitar da Jamus daga gasar cin kofin duniya ta wannan shekara da ci 4 da 2 a wasan da aka maimaita.

Italiyawa suka ɗauki tunanin bayan Yaƙin Duniya na Biyu, suka kira shi katenaco, wanda shi ma ma'anarsa sakata ce. Da fari makamin talaka ne. Gipo Viani ya gwada shi a Salernitana, Nereo Rocco kuma ya kai ƙaramar ƙungiyar Triestina matsayi na biyu da shi a kakar 1947/48. Bai zama makamin manya ba sai da Alfredo Foni ya ci gasar 1952/53 da Inter, inda ƙungiyar ta ci ƙwallo 46 kacal aka zura mata 24 a wasa 34. Akwai dalili na lissafi da ya sa abin ya karɓu: a wancan zamani maki biyu ake ba wanda ya yi nasara, kunnen doki kuma maki ɗaya, don haka wanda bai bari an ci shi ba ya riga ya sami rabin abin da ya fito nema. Italiya ba ta koma ga maki uku ba sai a 1994.

Yana da kyau a ɗan tsaya a kan kalmomin da Italiyanci ya samar, domin sun nuna yadda aikin ya rarrabu. Ɗan bayan gefe sunansa tarzino, daga kalmar da ke nufin na uku, watau mai tsayawa a sahu na uku idan aka fara ƙirga daga 'yan gaba. Wanda ke tsayawa bayan kowa, ba a ɗora masa gadin wani mutum takamaimai ba, sunansa libero, watau sakakke. Ɗan gefen gaba da ke dawowa baya don taimako kuwa tornante ne, mai komowa. Inda Bahaushe ya wadatu da lamba, Ba'italiye aiki ya duba ya raɗa suna.

Herrera da 'Yan Bayansa

An haifi Herrera a Buenos Aires ta Ajantina a 1910, iyayensa 'yan ƙaura ne daga Sifen, ya tashi cikin talauci a Kasabalanka ta Maroko, ya kuma yi wasansa a Faransa a matsayin ɗan baya wanda bai yi wani fice ba. A horarwa tauraruwarsa ta haska: ya ci gasar Sifen sau biyu da Atlético Madrid a 1950 da 1951, ya sake ci sau biyu da Barcelona a 1959 da 1960. Barcelonar tasa kuwa ba mai toshe gida ba ce, ruwan ƙwallaye take yi. Haka ma da Angelo Moratti, attajirin man fetur kuma shugaban Inter, ya ɗauko shi a 1960, kakarsa ta farko ƙungiyar ta ci ƙwallo 73 amma ta ƙare ta uku. A ta biyu ta ƙare ta biyu. Moratti ba kuɗin matsayi na biyu ya biya ba. Daga nan ne Herrera ya rungumi sakata, kuma a kakar 1962/63 Inter ta ɗauki gasar, ƙwallo 20 kaɗai aka zura mata a wasa 34.

Daga baya ya riƙa iƙirarin cewa shi ya ƙago matsayin libero tun yana ɗan wasa a Faransa. Masu tarihi ba su gaskata shi ba, kuma bayanin da ya gabata ya isa hujja. Abin da ya ƙago na haƙiƙa ya fi wannan ƙanƙanta a ido, amma ya fi shi tasiri: ya raba aikin lamba biyu da na lamba uku, ya mai da su sana'o'i biyu da ba su yi kama da juna ba.

A dama akwai Tarcisio Burgnich, wanda aka haifa a 1939 a yankin Friuli, aka sayo shi daga Palermo a 1962. Laƙabinsa Dutse, kuma bai ci amanar sunan ba. Duk da lamba biyun da ke bayansa, ba gefe aka ba shi ya tsare ba. Mutum aka ba shi. Yakan matso ciki kusa da lamba biyar, Aristide Guarneri, su biyun su raba 'yan gaban da suka fi haɗari, kowa ya bi nasa duk inda ya sa ƙafa. Filin da Burgnich ya bari a gefen dama kuwa Jair, ɗan Barazil mai gudu kamar barewa, shi ke dawowa ya rufe. A bayansu duka Armando Picchi ne, kyaftin, wanda shi ma asalinsa lamba biyu ne da aka sayo daga SPAL a 1960 kafin Herrera ya mai da shi libero. Ashe ke nan cikin mutum huɗun da ke baya, uku tarbiyyar gefe suka samu, kowanne kuma an ba shi aiki dabam.

A hagu labarin ya sha bamban. Giacinto Facchetti, haifaffen Treviglio a 1942, dogo ne mai tsawon kusan mita 1.9, kuma a ƙaramar ƙungiyar garinsu ɗan gaba ne. Herrera ya sa shi wasansa na farko a gasar a watan Mayu na 1961 yana ɗan shekara 18, amma a lamba uku. Hikimar ita ce: idan aka ajiye shi a gaba, akwai mai gadinsa da zai tsaya masa a wuya tun daga busa usur, idan kuwa daga baya ya taso, to ya iso da gudunsa a lokacin da kowa ya riga ya kama nasa mutumin, babu wanda aka tanadar masa. Domin a buɗe masa hanya, Mario Corso, mai lamba goma sha ɗaya, ba ya zama a gefe. Yakan kutsa ciki ya ja mai gadinsa, ya bar layin hagu fayau. Luis Suárez, wanda Herrera ya taho da shi daga Barcelona a 1961, shi ke zaune can ƙasan tsakiya yana jiran a ƙwato ƙwallo ya cilla ta nesa, ko ga Jair ko ga Sandro Mazzola ko ga Facchetti. Taɓawa uku ko huɗu sun isa a kai ga raga.

Idan aka zana tsarin a takarda, za a ga ba shi da daidaito ko kaɗan: dama a tsuke, hagu a sake, kamar mai tafiya da takalmi ɗaya. Amma rashin daidaiton shi ne ƙarfinsa. Facchetti ba zai iya fita ba sai da tabbacin cewa Picchi na nan bayansa, Burgnich kuma ba zai motsa ba. Shi kuwa Burgnich ba zai iya manne wa mutum guda ba sai da Jair mai komowa. Kowane 'yanci da aka ba wani, wani ne ya biya kuɗinsa. A nan ne hukuncin da ake yi wa Herrera ya gaza, domin ƙungiyar da ba ta da buri sai toshe gida ba ta da dalilin gina rabin tsarinta a kan fitar ɗan baya. A kakar 1965/66 Facchetti ya ci ƙwallo 10 a gasar, abin da 'yan gaba da yawa na wannan zamani ba su kai ba, a tsawon rayuwar wasansa kuma ya ci 59 a gasar Italiya. Herrera kansa ya sha kukan cewa masu kwaikwayonsa rabin darasin suka ɗauka, suka kwafi rufe ƙofa suka manta da Facchetti. A wannan batu dai yana da gaskiya, ko da yake shi ma ba a raba shi da laifi ba, don sau da yawa da zarar Inter ta ci ɗaya sai a tura sakata a zauna.

Amfanin ya zo da yawa. Inter ta ci gasar Italiya a 1963 da 1965 da 1966, ta ɗauki kofin Turai a 1964 bayan ta doke Real Madrid da ci 3 da 1 a Biyana, ta sake ɗauka a 1965 da ci ɗaya mai ban haushi a kan Benfica a filin San Siro, ta kuma doke Independiente ta Ajantina a kofin nahiyoyi a shekarun biyu. Wasan da ya fi nuna Facchetti shi ne na kusa da na ƙarshe da Liverpool a 1965. An ci Inter 3 da 1 a Ingila. A Milan Corso da Joaquín Peiró suka ci biyu waɗanda mutanen Liverpool ba su daina ƙorafi a kansu da kan alƙalin wasan ba. Amma ta ukun, wadda ta yanke hukunci, ba mai jayayya a kanta: Facchetti ne ya taso daga baya ya ratso tsakiya ya ɗirka ta a raga.

Lisbon da Meziko

Tsarin yana da rauni guda, kuma a cikin ginshiƙinsa yake. Gadin mutum da mutum yana aiki ne muddin abokan hamayya sun turo adadin da aka yi lissafi da shi, suka kuma tsaya inda aka zata. To yaya ke nan idan su ma nasu 'yan bayan suka taso?

An sami amsa ranar 25 ga Mayu, 1967, a wasan ƙarshe na kofin Turai a Lisbon, tsakanin Inter da Celtic ta Sikotilan wadda Jock Stein ke horarwa. Inter ta shiga babu Suárez babu Jair saboda rauni, watau babu mai cilla ƙwallo, babu mai komowa. A minti na 7 Jim Craig, lamba biyun Celtic, ya kayar da Renato Cappellini, Mazzola ya ci fanareti, Inter ta koma gida ta tura sakata kamar yadda ta saba. Sai dai Stein ya umarci 'yan gabansa su riƙa yawo suna jan masu gadinsu nan da can, 'yan bayansa na gefe kuma su hau. Facchetti, wanda aka gina tsarin domin ya fita, ya wuni a bakin ragarsa. Gola Giuliano Sarti ya yi ta tare ƙwallaye, turke ma ya taimaka masa, har zuwa minti na 63 lokacin da Craig, mai laifin ɗazu, ya hau ta dama ya mirgino ƙwallo baya zuwa bakin da'ira, Tommy Gemmell, lamba uku, ya sheƙo ya buga ta shiga. Lamba biyu ya ba lamba uku, a gidan mutumin da ya koya wa Turai cewa ɗan baya na iya cin ƙwallo. Gemmell ya sha faɗa daga baya cewa bisa ƙa'idar ƙungiyarsu bai kamata ya kasance a wurin ba, tun da idan ɗaya ya hau ɗayan zama yake yi. Saura minti shida a tashi, shi ne kuma ya sake hawa ta hagu ya ba Bobby Murdoch, wanda ya buga, Stevie Chalmers ya karkatar da ita cikin raga. Mako guda bayan haka Inter ta sha kashi da ci ɗaya a Mantova a wasan ƙarshe na kaka, gasar ta suɓuce zuwa Juventus. A 1968 Herrera ya koma Roma.

Burgnich da Facchetti sun ci gaba da riƙe gefunan ƙungiyar ƙasa a ƙarƙashin Ferruccio Valcareggi. Sun ɗauki kofin ƙasashen Turai a 1968, Facchetti na kyaftin, suka kuma kai wasan ƙarshe na kofin duniya a Meziko ranar 21 ga Yuni, 1970, bayan wasan nan na ci 4 da 3 da Jamus ta Yamma wanda Burgnich, mutumin da ba a san shi da cin ƙwallo ba, ya ci ɗaya a cikinsa. Abokiyar karawarsu Barazil tana da nata tarihin 'yan baya masu hawa, wanda ya girmi na Herrera: tun a 1958 Nilton Santos ya taso daga lamba uku ya ci Ostiriya. Bambancin shi ne Barazil yanki take tsarewa, ba mutum ba.

A minti na 18 Rivellino ya ɗago ƙwallo daga hagu, Pelé ya yi tsalle ya fi Burgnich, wanda aka ɗora wa gadinsa, ya sa mata kai ta shiga. Facchetti kuwa Jairzinho aka ba shi, kuma ya bi umarni sau da ƙafa, duk inda ɗan Barazil ɗin ya nufa yana biye. Barazilawa sun lura da haka. A minti na 86, ana 3 da 1, Jairzinho ya bar gefensa na dama ya koma hagu, Facchetti ya bi shi, gefen da lamba uku ya kamata ya tsare ya zama kango. Jairzinho ya karɓi ƙwallo ya ba Pelé a tsakiya, Pelé ya ɗan dakata, sa'an nan ya tura ta dama cikin filin da ba kowa, inda Carlos Alberto, lamba biyun Barazil kuma kyaftin ɗinta, ya iso a guje daga baya ya buga ta ƙasa-ƙasa zuwa kusurwar nesa ta ragar Enrico Albertosi.